Kowa sunansa na fitowa a sanarwar ƙungiyarmu ta marubuta, ban da ni

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan da na gama digiri a wata jami'a a Arewa, inda na ɗauki darasin ƙagaggen rubutu, na kuma shiga ƙungiyar marubuta ta ɗalibai. Har yau ƙungiyar na nan, kuma duk ƙarshen wata sakatare kan fitar da sanarwar nasarorin 'ya'yanta: wance ta shiga jerin gasa, wane ya ƙaddamar da littafi, wane ya samu gurbin karatu a Amurka. Sunana bai taɓa fitowa ba. Ina koyarwa a firamare, ina da yara biyu. Ina da gajerun labarai bakwai da rabin littafi. Sau biyu na shiga gasa, shiru. Yanzu wani ya ce in biya shi ya buga min littafi, ya kuma sa a ba ni lambar yabo a wani taro. Kuɗin adashena ne. In biya, ko in haƙura da rubutun gaba ɗaya? Na fara jin nauyi a ƙirji duk ranar da sanarwar ta fito, ina tsoron kada ya zama hassada.

'Yar'uwarku, daga Funtuwa

Wa'alaikumus salam, Malama.

Kada ki biya kuɗin lambar yabon, ko sisi. Maganar buga littafin kuma ki jingine ta na wata shida. Rubutun kuwa kada ki bari, domin abin da kika lissafa mana bai nuna gazawa ba. Labarai bakwai cikin shekara huɗu, ga aji ga yara, aiki ne na gaske. Inda ramin yake shi ne a "sau biyu". Tura labari sau biyu cikin shekara huɗu bai isa a gane ko rubutunki na da ƙarfi ko babu ba. Ba a auna hatsi da cokali.

Bari mu fara da sanarwar kanta, tunda ita ke hana ki barci. Irin wannan sanarwa, a kowace jami'a, tana jera abubuwa masu bambancin nauyi a layi ɗaya, da haruffa iri ɗaya, da "muna taya murna" iri ɗaya. Ki koyi tambayar kowane layi abu biyu: wa ya tace aikin kafin a karɓa, kuma kuɗi daga wane aljihu ya fita zuwa wane. Idan an ce mujalla ta buga labarin wance, akwai editan da ya karanta labarai da yawa ya zaɓi nata, wannan tacewa ce. Idan an ce wane ya shiga jerin gasa, ki duba ko dogon jerin farko ne ko gajeren jerin ƙarshe, domin tsakaninsu akwai tazara. Idan an ce wane ya ƙaddamar da littafi, yana iya zama kamfanin ɗab'i ne ya karɓi littafin ya zuba kuɗinsa, yana iya zama shi ya kai maɗaba'a ya biya, kuma sanarwa ba ta bambanta su. Idan an ce wane ya samu gurbin karatu a waje, akwai gurbin da ya zo da tallafin kuɗin makaranta da na abinci, akwai wanda takardar karɓa ce kawai, mai ita na nan yana neman wanda zai biya masa. Ba muna faɗin haka don ki raina nasarar kowa ba. Muna so ki daina ganin jerin kamar dutse guda da ya danne ki. Idan kin warware shi za ki ga wasu layukan aikin wata uku ne, wasu na shekara biyar, wasu kuma kuɗi kawai suka ci.

Akwai kuma abin da sanarwa ba ta ɗauke da shi ko kaɗan. Ba ta kawo adadin wuraren da suka ƙi labarin kafin na ƙarshe ya karɓa, ba ta faɗin sau nawa aka sake rubuta shi. Sakatare yana rubuta abin da aka aiko masa ne, kuma ba wanda ke aiko da labarin faɗuwarsa. Ke kuwa kina kwatanta cikin ɗakinki da ƙofar gidan wasu da aka share aka yayyafa wa ruwa.

Game da nauyin ƙirjin, malamai sun bambanta mai fatan ni'imar ɗan'uwansa ta gushe da mai fatan ya samu irinta ba tare da ta ɗan'uwan ta ragu ba. Wasiƙarki ta nuna kina cikin na biyu, tunda ba ki ambaci kowa da sharri ba. Amma abin da aka bari yana ruruwa yakan sauya kama, don haka ki yi masa dabara. Ki kashe ƙarar zauren ƙungiyar a wayarki, ki ware rana ɗaya a mako da za ki leƙa, kuma kada ya zama da dare kafin kwanciya ko da safe kafin ki zauna rubutu. Wanda ya yi nasara ki taya shi murna da sunansa da sunan aikin. Sannan ki zaɓi mutum biyu daga cikin waɗanda nasararsu ta bi ta tacewa, ki tura musu saƙo a keɓe da tambayoyi uku: a ina kuka ga sanarwar neman labarin, sau nawa kuka sake rubuta shi, wa ya karanta muku kafin ku tura. Tambaya ce da ake amsawa cikin minti biyar, kuma yawancin marubuta na jin daɗin a yi musu ita. Abin da ba a so shi ne a turo wa mutum rabin littafi da "don Allah duba min" ba tare da ya amince tukuna ba.

Yanzu ga babban aikin. Abin da kika rasa bayan barin jami'a shi ne zaman da ake karanta rubutunki a gaya miki gaskiya, da ranar da dole ki miƙa aiki. Shahararrun makarantun koyon ƙagaggen rubutu a kan wannan aka gina su. Shirin Jami'ar Iowa a Amurka, wanda aka kafa a 1936, da na Jami'ar East Anglia a Ingila, wanda ya fara a 1970, zuciyarsu zama ne na mutum kamar goma: a raba rubutun ɗalibi tun kafin ranar zama, kowa ya karanta ya yi masa alama, ranar zama a tattauna, mai rubutun yana saurare. Wannan tsari ba ya bukatar biza. A Kano ma, tun a shekarun 1980 zuwa 1990, ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun tsaya ne a kan marubuta su taru su taimaki juna wajen duba rubutu da fitar da shi. Ƙungiyarku ta zama allon sanarwa, ke ki cire ƙaramin zama daga cikinta.

Ki nemi mutum huɗu zuwa shida, kada su wuce haka. In sun yi ƙasa da huɗu, ranar da biyu suka yi uzuri zama ya mutu. In sun haura shida, sai mutum ya yi kusan wata biyu layi bai zo kansa ba, ya gaji ya janye. Ku riƙa zama duk mako biyu, ido da ido ko ta kiran waya na rukuni, awa ɗaya da rabi, labari biyu a kowane zama, minti 40 kowanne. A tura labarin kwana bakwai kafin zama, wanda bai karanta ba ya saurara kawai. A minti biyar na farko wani daga cikin masu karatu ya faɗi abin da ya faru a labarin da bakinsa, ba yabo ba suka. Wannan mataki ya fi kowanne amfani, domin a nan marubuciya ke gane cewa abin da ke kanta bai sauka a takarda ba: ita ta rubuta kishiya mai tausayi, masu karatu sun ga makira. Daga nan kowa ya nuna wurin da ya fi riƙe shi, da shafi da layi, sannan wurin da hankalinsa ya fita ko ya daina yarda. Mai labarin ba ta magana sai minti biyar na ƙarshe, kuma tambaya za ta yi, ba kare kai ba. Dalili shi ne alƙalin gasa ba zai kira ki ki yi masa bayanin abin da kike nufi ba.

Irin wannan zama yakan lalace ta hanyoyi sanannu. Na farko shi ne kunya, kowa ya ce "Allah ya ƙara basira" a tashi. Maganinsa a wajabta wa kowa ya kawo wuri ɗaya da bai gamsu da shi ba. Na biyu, a ƙare lokaci wajen gyaran harafi a bar ginin labari, alhali gyaran harafi a takarda ake yin sa a miƙa wa mai shi. Na uku, wanda ya fi kowa suna ya mamaye magana har kowa ya koma rubutu irin nasa, don haka a riƙa juya shugabancin zama. Na huɗu kuma yana da haɗari na musamman: wani ya tura labarin zuwa wani zaure ko ya ɗora a Facebook saboda ya burge shi. Gasa da mujallu da yawa suna ɗaukar duk abin da ya fito a bainar jama'a a intanet a matsayin wanda aka riga aka buga, sai a cire labarin ko da ya kai matakin ƙarshe. Ku yi wannan alkawari tun zaman farko. Ke ma ki duba, cikin bakwai ɗin nan wanne kika taɓa ɗorawa a Wattpad, manhajar ɗora labarai, ko Facebook, ki ware shi gefe.

Ba mu ga labaranki ba, amma akwai cututtukan da suka fi yawa a gajerun labaran masu tasowa, kuma za ki iya duba su da kanki kafin kowa ya gani. Ki ɗauki labari ɗaya ki nemo layin da matsala ta fara, wato inda wani ke son abu kuma wani abu ya tare shi. Idan layin yana shafi na biyu, shafin farko kusan duk abin yankewa ne. Yawanci abin da ke wurin shi ne yanayin gari, ko tashi daga barci, ko siffanta gida da mota da kyawun jaruma daga gashi zuwa ƙafa. A labari mai kalma 1,500, matsalar ta bayyana cikin kalma 150 na farko. Ki ƙirga mutanen da ke da suna, in sun wuce huɗu mai karatu zai fara komawa baya yana neman wace ce wace. Ki ƙirga tsawon lokacin da labarin ya ci. Gajeren labari ya fi ƙarfi idan ya tsaya a yini ɗaya ko mako ɗaya, ya bar shekarun baya su leƙo ta bakin mutane. Wanda ya faro daga haihuwa ya bi ta makaranta da aure har mutuwa, taƙaitaccen littafi ne aka matse, shi ya sa ba ya taɓa zuciya.

Sai hira. A rayuwa mukan yi gaisuwa mai tsawo, kuma haka ya dace, amma a takarda "ina kwana, ina gajiya, ya yara" na cinye kalma 60 ba tare da komai ya motsa ba. Ki bar gaisuwa a inda take ɗauke da wani abu kawai, misali inda suruka ta amsa a taƙaice alhali ta saba ja, nan mai karatu ya san akwai magana. Sannan ki duba sakin layi na ƙarshe. Idan a nan kika fito kika yi wa mai karatu nasiha, ki rufe shi da hannu ki karanta labarin ba shi. Sau da yawa za ki tarar labarin ya riga ya faɗi abin, kuma ya faɗe shi fiye da nasihar.

Ƙa'idar rubutu kuma ba ƙaramin abu ba ce, domin ita ce farkon abin da mai tacewa ke gani, tun kafin ya san ko labarin na da daɗi. Ki sa Hausa cikin harsunan allon rubutun wayarki, Gboard, allon rubutu na Google, na da ita, don ki samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Ki kula da raba kalmomi: "ya zo" ba "yazo" ba, "shi ne" ba "shine" ba, "ba ta" ba "bata" ba, wanda in aka rasa ƙugiya ma sai ya rikice da "ɓata". Ki bambanta "a kan tebur" da "akan yi haka". Gajerce-gajercen hirar waya kada ko ɗaya ya shiga. Karin harshen garinku yana da wuri a bakin mutanen labari, amma muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa in gasar ta nemi haka. Bayan kin gama gyara, ki ajiye labarin mako biyu ba ki duba ba, sannan ki karanta shi da ƙarfi ki naɗa a waya ki saurara. Duk inda harshenki ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala.

Ina za ki tura? Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa ya fara tsayuwa, wadda Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, don haka shiga gasa bin sawun magabata ne. Wadda ta fi dacewa da ke a yau ita ce Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata zalla. Takan nemi labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500 cikin daidaitacciyar Hausa, wanda ba a taɓa bugawa ba, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Bayan ukun farko akan zaɓi wasu labaran da suka cancanci yabo a karanta su a rediyo, wannan ma nasara ce da ta bi ta tacewa. Ki karanta sharuɗɗan shekarar da kanki, har da na shekarun haihuwa, domin akan sauya su. In kina rubutu da Ingilishi, ko kina da wanda zai fassara miki da kyau, gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth kan buɗe ranar 1 ga Satumba ta rufe 1 ga Nuwamba. Kyauta ce, tana karɓar kalma 2,000 zuwa 5,000, tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Ingilishi, wanda ya ci yankin Afirka na samun fam 2,500, gwarzon gaba ɗaya fam 5,000. Kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka, kamfanin da ya buga labarin ne ke shigar da shi, ba marubuci ba, ita kuma kyautar adabi ta NLNG, kamfanin iskar gas na Nijeriya, mai dala 100,000 ta littafin da aka riga aka buga ce, kuma tana zagayawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Waɗannan biyun ki san da su, amma ba su ne aikin bana ba. Ki kuma nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, na jiharki. Rassa da dama na yin zaman karatu, kuma a irin wuraren ake fara jin sanarwar ƙananan gasa da tarin labarai da ake neman gudummawa.

Yawancin labaran da ake zubarwa a zagayen farko, saɓa sharaɗi ne ke kashe su. An ce kalma 1,500 an turo 1,700. An ce kada a sa suna a jikin labari an sa. An ce a haɗo fayil an manna a cikin saƙo. An tura a daren rufewa, intanet ya yanke. Ki sa wa kanki ranar rufewa kwana biyar kafin ta gaskiya.

Ki sayi littafin rubutu mai shafi 40, ki ja layuka: sunan labari, adadin kalma, inda aka tura, ranar turawa, ranar da ake sa ran amsa, sakamako. Burin shekarar nan ki cike layi 12, wato turawa ɗaya a wata. Abin da ke hannunki ke nan, karɓa kuwa tana hannun wasu. Duk labarin da aka ƙi, ki sake karanta shi sau ɗaya, in akwai gyara ki yi, ki tura wani wuri cikin mako biyu. In an ƙi shi sau uku, ki mayar da shi zaman ku. In wuri bai yarda a tura labari ɗaya wurare biyu a lokaci guda ba, ki kiyaye, in kuma ya yarda, ranar da wani ya karɓa ki sanar da sauran ki janye. Lokacin rubutu kuma, da aji da yara, kada ki ɗora wa kanki abin da zai karye a mako na biyu. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, kalma 300 a kowane zama, ya ba ki kalma 1,500 a mako, tsawon labarin Hikayata guda. Hutun zangon karatu ki ba rabin littafin nan. A watanni uku na farko ma ba sabon rubutu za ki yi ba: ki zaɓi uku mafi ƙarfi cikin bakwai ki gyara su.

Tunda kin ambaci wanda ya tafi Amurka, ga yadda abin yake in ranki na so. Digiri na biyu a ƙagaggen rubutu a can shekara biyu ne ko uku, a Ingila galibi shekara ɗaya. Da Ingilishi ake yi. Abin da ya fi komai nauyi a takardun nema shi ne samfurin rubutu, a makarantu da yawa shafi 20 zuwa 40, wasu fiye. Sai wasiƙun shaida, yawanci uku, da bayanin dalilin nema, da takardar sakamakon jami'a. Akasarin makarantun Amurka na rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu. Takardar sakamako kan ɗauki lokaci kafin ta fito, a fara nemanta wata uku kafin lokaci, malaman da za su rubuta shaida kuma a ba su aƙalla mako huɗu tare da labarin da za ki tura, don su san me suke shaida a kai. Ki nemi shirin da ke ɗauke kuɗin makaranta ya kuma ba da alawus, sau da yawa a madadin koyar da 'yan ajin farko. Bashi ko sayar da fili don wannan digiri ba shawara ba ce, domin ba ya ba da tabbacin aiki ko na buga littafi. Kuma ga mai rubutu da Hausa, masu karatunta da masu gyara mata suna nan gida.

Mu koma kan mutumin da adashenki. Abu biyu ya haɗa miki a ƙunshi ɗaya, ki raba su. Lambar yabon da ake biya kafin a samu ba ta da alƙalai, ba ta da jerin waɗanda aka kayar, kuma waɗanda suka san harkar suna gane ta da gani ɗaya. In kika sa ta a takardar neman tallafi ko gurbin karatu, tana iya rage miki daraja a idon mai dubawa. Tambaya uku na tona ta: su wa suka yi alƙalanci, su wa suka ci a shekaru uku da suka wuce, kuma za a ba ni in ban biya ba?

Buga littafi da kuɗin kai kuwa ba abin kunya ba ne, da haka yawancin littattafan Hausa na zamani suka fito. Sai dai ciniki ne, a yi shi kamar ciniki, kuma bayan an gama rubutu an gyara. Ke rabin littafi gare ki. In lokacin ya yi, ki karɓi farashi a rubuce daga maɗaba'a uku. Takardar ta faɗi adadin kwafi, girman littafi, misali A5, adadin shafi, nauyin takardar ciki, giram 70 ko 80, nauyin bango, giram 250 zuwa 300, da ko za a lulluɓe bangon da leda, da irin ɗaurin, ɗinki ko gam. Gam mara kyau shi ke sa shafuka zubewa bayan karatu biyu, don haka ki nemi littafin da suka buga bara ki buɗe shi sosai ki gani. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, ki tambaya da sunan wa za a karɓe ta, domin mai sunan shi ne mai buga littafin a hukumance, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku bayan bugawa. Kada ki sa hannu a takardar da ta miƙa haƙƙin mallakar littafin ga wanda ke kika biya. Ki riƙe fayil ɗin ƙarshe na ciki da na bango a hannunki. Ki ga kwafin gwaji guda, ki karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kafin a buga sauran. Kuɗi kashi biyu ko uku, na ƙarshe sai kin ƙirga kwafinki. Kuma ki fara da kwafi 100 zuwa 200. Kwafi 1,000 ya fi araha a kan kowane ɗaya, amma in ba ki da hanyar sayarwa, katan-katan ne za su zauna a ƙarƙashin gado, damina ta yi musu illa. Kafin ki biya, ki rubuta sunayen shaguna da makarantu da mutanen da kika tabbata za su saya, adadin da ya fito shi ne ma'auninki.

In wani abu ya samu, ko ƙarami ne, ki aika wa sakatare da kanki, kada ki jira a gano. Ki rubuta shi yadda yake: sunan labarin, inda ya fito ko matakin da ya kai, da wata da shekara. In dogon jeri ne ki ce dogon jeri. Kada ki sanar kafin masu gasar su sanar, ko kafin ki sa hannu a yarjejeniya da mai bugawa, domin wasu kan janye tayi saboda haka. Za ki iya kuma ba sakataren shawara ya ƙara sashe biyu a sanarwar wata: gasa da mujallun da ke karɓar aiki tare da ranakun rufewarsu, da sunayen waɗanda suka kammala rubutu ko suka tura aiki a watan. Akwai irinki da yawa a ƙungiyar da suka yi shiru, daga cikinsu za ki samu mutum huɗun da kike nema.

Shi kuma mutumin, ki ba shi amsa a wannan makon, cikin mutunci: kin gode, littafin bai kammala ba, lambar yabo kuma ba kya bukata. In ya ce tayin zai wuce in ba ki biya yau ba, ki bar shi ya wuce. Daga kuɗin adashen ki cire na littafin rubutu mai shafi 40, da na buga labarai ukun da kika zaɓa a takarda, kwafi biyar-biyar, don zamanku na farko.